Dashen reshe da noman bokiti a Jos: me ke sa gindi ya ruɓe?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu sani. Mutum ya yanko reshen wardi ko rozmari, ya soke a tukunya, yana ba shi ruwa safe da yamma, bayan mako biyu sai gindin ya yi baƙi ya ruɓe alhali saman na nan kore. Ita kuwa na'ana'a ko a kofin ruwa aka jefa ta sai ta yi saiwa. Ina bambancin yake? Sannan wanda ya yi saiwa a ruwa, za a iya barinsa a ruwan ya girma a riƙa tsinka, kamar yadda ake noman latas a bokiti?

Malam Mai Lambu:
Wa alaikumus salam Maman Biyu. Ruwan nan na safe da yamma shi ke kashe su. Reshen da aka yanko ba shi da saiwar da zai sha, sai ruwan ya kwanta a gindinsa ya kore iskar da ke cikin ƙasar, ga kuma ciwon yanka a buɗe. Wurin da aka yanka numfashi yake yi, sai da iska yake warkewa har ya fitar da saiwa. In ya rasa ta, ƙwayoyin ruɓa su riga shi. Danshi a ganye ake so, iska a gindi. Yawancin mutane juya abin suke yi, su jiƙa gindi sharkaf su bar ganye a fili iska na busar da shi.

Ki yanka da sassafe, lokacin da reshe ke cike da ruwa. Reza sabuwa ko almakashi mai kaifi, a goge da sifirit, don mai dakushi murƙushe ɓawo yake yi kuma daga nan ruɓa ke kamawa. Ga masu laushi irin su rozmari da ɗoɗɗoya, tsawon santimita 10 zuwa 15 ya isa, da gaɓa 3 ko 4. Yankan ƙasa ya zo dab da ƙarƙashin gaɓa, kamar rabin santimita, domin a gaɓa saiwa ta fi saurin fitowa. Ki zage ganyen rabin ƙasa duka, ki bar 2 ko 3 a sama, in manya ne ki rage rabin kowanne da almakashi. Fure ko ƙullin fure kada ki bari ko ɗaya, ƙarfin reshen zai janye. Ki huda rami da fensir kafin ki soka, ki danne gefe da yatsa, ki ba shi ruwa sau ɗaya ya tsiyaye. Sai ki yanke gindin gorar ruwa ta roba ki kife masa ita, ki ajiye a inda akwai haske amma rana ba ta dukan wurin kai tsaye. Muddin kina ganin raɓa a jikin gorar, ba ya bukatar ƙari. Kullum ki cire murfin na ɗan lokaci iska ta sauya.

Hajiya Mai Furanni:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ya tsallake abin da ake sokawa a ciki, kuma rabin matsalar nan take. Jar ƙasar nan tamu ko ƙasar lambu mai takin kaji ba ta dace da reshen da bai yi saiwa ba. Tana riƙe ruwa, tana daskarewa, takin kuma ƙona ciwon yake. Yashin rafi mai ɗan kauri, a wanke shi har ruwan ya fita fari, a gauraya rabi da rabi da ɓuntun shinkafa da aka ƙona ya zama gawayi. Shi ma ɓuntun a wanke, tokar jikinsa na da kaifi. Wanda ya sami garin ɓawon kwakwa ya fi riƙe danshi, sai dai ya jiƙa shi ya sauya ruwa sau 2 ko 3 saboda gishirin da wani ke zuwa da shi. Gwajin mai sauƙi ne: ki dunƙula a hannu ki matse, in ruwa ya zubo ya yi yawa, ɗigo ɗaya ko biyu ake so.

Shi wardi, ƙanwata, ba daga ko'ina ake yankarsa ba. Ki nemi reshen da furensa ya gama zuba kwanan nan, mai kaurin fensir, wanda in kin tura ƙayarsa gefe sai ta ɓalle tsaf. Wanda ya yi ɗanye lanƙwashewa ƙayar take yi, wanda ya tsufa kuma ba ta ɓallewa sai da ƙyar. Tsawo santimita 15 zuwa 20, a binne gaɓa 2. Mako 4 zuwa 8 yake ɗauka. Kada sabon toho ya ruɗe ki, reshe kan fitar da ganye da abincin da ya tara tun ba shi da saiwa ko ɗaya. Ki ɗan ja shi sama a hankali, in ya turje to ya kama.

Ɗan Autan Zaure:
Hajiya ina wuni. Yashin da ke gefen tsofaffin ramukan kuza fa, wajen Bukur da Rayfield? Yana da yawa kuma a kusa yake.

Malamar Kimiyya:
Ɗan auta, wannan a bar shi inda yake. Tarkacen da ya rage bayan an wanke kuza a Filato yana ɗauke da ma'adanai masu nauyi irin su monazait da zakon, kuma monazait na fitar da tururin nukiliya fiye da yashi na yau da kullum. Ba abin da za a kwaso a shigo da shi tsakar gida ba ne, balle a shuka abin ci a ciki. Ruwan ramukan ma, duk da ana noman rani da shi, ban ba da shawarar zuba shi a bokitin latas ba sai an kai shi gwaji. A gona, ƙasa kan tare wani ɓangare na abin da ke cikin ruwan. A bokiti kuwa babu shamaki tsakanin ruwa da saiwa.

Baba Mai Noman Rani:
Salamu alaikum. 'Ya'yana, duk wannan gora da reza na masu laulayi ne. Akwai waɗanda tun kakanni da reshe ake dasa su ba tare da wani tanadi ba, kuma mai koyo da su ya kamata ya fara. Rogo, karan da ya ƙosa, tsawon santimita 20 zuwa 30 mai ido 5 zuwa 7, a kishingiɗa shi a kunya a binne kashi biyu cikin uku. Dankalin Hausa, kan yaɗo santimita 30, a binne gaɓa 3. Shuwaka da lalle, sanda mai kaurin yatsa a farkon damina, ba sa gardama. Zogale kuwa sanda babba ake so, tsawon mita 1, kauri kamar santimita 4 ko 5, a bar ta kwana 2 ko 3 a inuwa bakin yankan ya bushe, sannan a binne kashi ɗaya cikin uku. Sai dai ku sani zogalen sanda ba ya yin doguwar saiwar nan ta tsakiya da na iri ke yi, don haka iskar hadari ta fi kayar da shi, kuma gara ta fi samunsa.

Abu ɗaya da ke ba yara kunya: soka reshe a kife. Inabi da rumman da ɓaure in an zage ganye ba a gane sama da ƙasa. Ku yanka ƙasa a miƙe, sama a karkace, tun a jikin uwar. Idon reshe kullum sama yake kallo, a saman tabon ganye yake zaune. Wanda aka soka a kife ba ya yi.

Maman Biyu:
Allah ya saka da alheri Baba. To garin nan da ake tsoma gindin reshe a ciki, dole ne? Wasu na cewa zuma ko kirfa ko ruwan alobera sun wadatar.

Hajiya Mai Furanni:
Ni dai ina ganin amfanin zuma da kirfa, suna rage ruɓa, kuma kowa na da su a kicin.

Malamar Kimiyya:
Hajiya, a kan rage ruɓa ba zan yi musu da ku sosai ba, amma kada a haɗa aikinsu da na garin. Abin da ke sa reshe ya fitar da saiwa wani sinadari ne da tsiro ke yi da kansa a kan toho, yana gangarowa ƙasa ya taru a bakin yanka. Shi ya sa maganar Baba ta kifewa take haka, hanya ɗaya sinadarin ke bi. Garin da ake sayarwa, wanda aka rubuta IBA a jikinsa, ƙari ne a kan wannan. Zuma ba ta da shi, kirfa ba ta da shi. Na'ana'a da ɗoɗɗoya da tumatir nasu ya ishe su, cikin kwana 7 zuwa 10 sun yi saiwa ko a ruwa. Wardi da bugenbiliya da gwaiba su ne garin ke taimaka wa ƙwarai.

A duba ƙarfinsa a jikin roba. Kashi 0.1 cikin 100 na reshe mai laushi ne, 0.3 na wanda ya fara tauri, 0.8 na itace sosai. Mai ƙarfi a kan reshe mai laushi ƙona gindin yake ya yi baƙi, mutum ya ɗauka ruwa ne. A zuba kaɗan a murfi, a jiƙa gindin, a tsoma santimita 1 zuwa 2, a kakkaɓe. Ragowar na murfin a zubar, kada a mayar cikin roba. Zuma kuma in an lafta ta, tururuwa take kira.

Malam Mai Lambu:
Kafin a wuce, mangwaro da fiya kada kowa ya ɓata lokacinsa da soka reshe, aure ake yi musu, wato a haɗa reshensu a jikin ɗan da aka tayar daga ƙwallo. Gwaiba da lemun tsami kuma sun fi yarda a sa su yi saiwa tun suna jikin uwar. A zaɓi reshe mai kaurin yatsa, a zagaye ɓawonsa a ɓare faɗin santimita 2 zuwa 3, a kankare santsin nan da ke kan itacen sosai, in ba haka ba ɓawon zai sake haɗewa. A shafa garin a leɓen sama na ciwon, a dunƙula jiƙaƙƙen ɓawon kwakwa a kai, a naɗe da leda a ɗaure sama da ƙasa. Bayan mako 6 zuwa 8 za a ga saiwa ta cikin ledar. Sai a yanke ta ƙasa, a rage ganye, a dasa a leda a inuwa mako 2.

Batun lokaci kuma, mu nan Jos namu daban ne da na Abuja. Saiwa ta fi son ɗumi tsakanin digiri 21 da 25. Daga Afrilu zuwa Yuni shi ne lokacinmu, ga ɗumi ga danshi. Yuli da Agusta ruwa ya yi yawa, rana ta yi ƙaranci, ruɓa ta fi yawa, sai a ƙarƙashin rumfa. A hunturu, Disamba da Janairu, dare kan sauka kusan digiri 10, reshe ya zauna shiru wata guda bai mutu ba bai yi saiwa ba, iskar kuma ta tsotse shi. Wanda zai yi a lokacin ya riƙa shigar da tukwanen ɗaki da daddare.

Maman Biyu:
Na gode Malam. Saura rabin tambayata ta biyu, zaman ruwa.

Injiniya:
Ana iyawa Maman Biyu, kuma reshen da ya yi saiwa a ruwa ya fi kowanne dacewa, domin saiwar ta riga ta saba. Abin da zallan ruwa ba zai ba shi ba shi ne abinci da iska. A kofi na'ana'a za ta yi mako 2 ko 3 tana kyau, daga nan ganye ya fara ɗorawa saboda yunwa.

Hanyar da ta fi dacewa da halin wutarmu ita ce wadda ake kira Kratky, sunan wani masanin noma ne na jami'ar Hawaii a Amurka. Ba famfo, ba wuta. Bokiti mai murfi, a huda murfin daidai faɗin ƙaramin kofin roba, kamar santimita 5, a tsattsaga gindin kofin da gefensa. A riƙe tsiron a ciki da guntun soso ko tsakuwa wankakkiya. A cika bokitin da ruwan abinci, wato ruwan da aka narkar da takin tsiro a ciki, har ya taɓa gindin kofin da santimita 1 zuwa 2. Shi ke nan. Tsiro na sha, ruwa na sauka, saiwa na bin sa ƙasa. Sararin da ya buɗe tsakanin murfi da ruwa shi ne ran abin: saiwar da ke wurin takan yi gashi fari laushi, da ita tsiron ke shaƙar iska.

A nan ake yin ɓarnar. Mutum ya buɗe ya ga ruwa ya yi rabi, tausayi ya kama shi ya cika har baki. Saiwar iskar ta nutse, cikin kwana 1 ko 2 tsiron ya yi yaushi yana tsaye cikin ruwa. In za a ƙara, kaɗan-kaɗan, kuma kada a wuce rabin tsawon saiwar. Ciwon da Malam ya bayyana a reshe shi ne dai a nan.

Latas guda ɗaya lita 4 zuwa 6 ta ishe ta daga dashe har girbi, don haka bokitin lita 20 zai ɗauki 3 ko 4 in murfin na da faɗin da za a bar santimita 20 tsakani. Kwana 30 zuwa 35 bayan dashe an cire. Tumatir daban ne, babba kan sha lita 1 zuwa 2 ko fiye a rana mai zafi, sai durom ko a riƙa ƙari a kai a kai.

Ɗan Autan Zaure:
Yaya Injiniya, ruwan abincin ba NPK 15-15-15 ake jiƙawa ba? Ko a tace ruwan kashin kaji?

Baba Mai Noman Rani:
Ɗana, ni ma da na ce haka. Takin da ya ciyar da kabeji da karas ɗin da ke cika kasuwar Farin Gada me zai hana shi ciyar da latas a bokiti?

Malamar Kimiyya:
Ranku ya daɗe Baba, a gona ƙasa ce ke ƙarasa aikin takin. Yawancin naitirojin ɗin da ke buhun nan a siffar amoniya ko yuriya yake, ƙwayoyin halittar ƙasa ne ke juya shi ya koma naitiret da tsiro ya fi sha. A bokiti babu su da yawa, amoniya ta taru ta ƙona saiwa. Sannan buhun abu uku kawai ya yi alkawari. Kalsiyam, magniziyam, ƙarfe, boron, zinki da sauransu daga ƙasa tsiro ke samu, a ruwa kuwa in ba a zuba ba babu. Ga kuma ƙasa-ƙasar da ke kwantawa ba ta narkewa. Ruwan kashin kaji ya fi muni: yana ruɓewa ya cinye iskar ruwan, yana wari, kuma yana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar ciki, alhali latas ɗanya ake ci.

Haɗin da aka fi sani abu uku ne. Taki mai narkewa na 4-18-38, irin na Masterblend, wanda ya zo da ƙananan sinadaran a ciki. Sai kalsiyam naitiret. Sai gishirin Epsom, wanda ake samu har a kemis. Ga latas da ganyayyaki, a lita 20 na ruwa: giram 10 na farko, giram 5 na Epsom, giram 10 na kalsiyam naitiret. Ga tumatir 12, 6, 12. A bi wannan jerin, kowanne ya narke tas kafin a zuba na gaba, kalsiyam a ƙarshe. In aka haɗa su a ɗan ruwa kaɗan lokaci guda, kalsiyam zai kama salfet da fosfet su zama farin gari a gindin roba, kuma wannan ba ya sake narkewa. Sikelin giram ake bukata, cokali yaudara yake.

Wanda ba ya son awo kullum ya yi jarka biyu. Ta farko, giram 50 na kalsiyam naitiret a lita 1. Ta biyu, giram 50 na 4-18-38 da giram 25 na Epsom a lita 1. Duk lita ɗaya ta ruwa a zuba mililita 10 daga kowace, wato 200 da 200 a bokitin lita 20. A ajiye su a duhu, kuma kada a taɓa haɗa su kai tsaye.

Injiniya:
In ƙara a kan na Malama, na'urar awo biyu ce ke raba mai sa'a da mai sani. Ta EC tana nuna yawan gishirin abinci a ruwa. Ƙananan tsirrai da reshen da bai daɗe da yin saiwa ba 0.6 zuwa 0.8, wato rabin haɗi. Latas 1.2 zuwa 1.8, tumatir 2.0 zuwa 3.5. In taku da ma'aunin ppm take nunawa maimakon EC ku duba ma'auninta, wata EC 1.0 tana karanta shi 500, wata 700, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutum biyu su yi ta gardama alhali ruwa ɗaya suke aunawa. Ku auna ruwanku tun kafin a zuba komai. Na sama kusan sifili yake, shi ya fi. Na rijiya da na burtsatse kowanne da halinsa. Na famfo a bar shi a buɗe kwana ɗaya kulorin ya fita.

Ta biyu ta pH ce, mai auna tsamin ruwa, ana so 5.5 zuwa 6.5. In ya haura 7 ƙarfen da ke ruwan ba ya shiga tsiro, sai sababbin ganyen sama su yi ɗorawa jijiyoyinsu na kore. In tsofaffin ganyen ƙasa ne suka yi haka, magniziyam ne ya gaza. Ana sauke pH da fosforik asid, ɗigo-ɗigo, a juya a jira a sake awo. Lemun tsami na saukewa amma kwana 1 ko 2 ya koma inda yake.

Hajiya Mai Furanni:
Ku yi maganar bokitin kansa, don mata da yawa jarkar man gyaɗa mai ruwan ɗorawa suke yankawa. Haske na ratsa ta, cikin mako ɗaya gansakuka ta yi kore shar, ta ci abincin ta naɗe saiwa. A naɗe ta da baƙar leda, sannan a rufa farin buhu ko kwali a kai, don baƙi shi kaɗai dafa ruwan yake a rana. Bokitin fenti ko na maganin feshi kuwa a bar shi, wanda aka zuba abinci a ciki ake nema. Sauro ma yana samun gida in an bar kafa, duk ramin da ba tsiro a toshe shi da soso. Kada wanda ya zuba kananzir ko mai don kashe tsutsar, tsiron zai fara kashewa.

Malam Mai Lambu:
Da ruwan sama, Hajiya. Bokitin da ke fili a Agusta, ruwa na bi ta murfi ya cika shi cikin dare ɗaya, ya tsinka abincin ya nutsar da saiwar iska. A huda ƙaramin rami a gefen bokiti daidai inda ba a so ruwa ya wuce, a liƙa masa guntun gidan sauro. Mafi kyau a yi rumfar farar leda mai gangara, gefe a buɗe, ta tare ruwa ta kuma tare ƙanƙarar da kan sauka mana a damina ta yayyaga latas. Amma rumfar kada ta hana rana, ganye na son awa 5 zuwa 6, tumatir fiye da haka.

Ɗan Autan Zaure:
To na bututun nan da ake gani a hoto, jere a bango, ba ya fi bokiti kyau ba?

Injiniya:
Ya fi kyau a ido kuma ya fi ɗaukar tsirrai a ƙaramin wuri, amma ka san abin da za ka ɗauka. Bututun roba na inci 4, ramuka santimita 5 a tazarar santimita 20, gangara santimita 1 a duk 30 zuwa 40, ruwa na gudu lita 1 zuwa 2 a minti a kowane layi, siriri a ƙasan bututun, ya koma tanki. Tsawon layi kada ya wuce mita 10 zuwa 12, tsirran ƙarshe ba sa samun iska. Matsalarsa ɗaya ce kuma babba: famfo ya tsaya, saiwa ta bushe. An ɗauke wuta da tsakar rana a Maris, kafin la'asar an yi asara. Wanda zai yi ya sa famfon 12V da sola da batir, ya kuma ɗaga bakin fitar ruwan yadda santimita 2 zai riƙa kwanciya a bututun ko famfo ya mutu. Ni shawarata, sai ka ci latas ɗin bokiti sau biyu ko uku kafin ka sayi bututu.

Malamar Kimiyya:
Akwai wani abu da tudunmu ke jawowa. Ruwa mai digiri 20 a bakin teku yana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a lita, a digiri 30 ya sauka kusan 7.5. Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, don haka namu ya ƙara raguwa da kamar kashi 13 cikin 100. Sanyinmu ne ke rufa mana asiri. A bazara, in ruwan bokiti ya wuce digiri 26 zuwa 28, ga ƙarancin iska ga ɗumin da cutar ruɓar saiwa ke so. Lafiyayyar saiwa fara ce, tana da ƙarfi, ƙamshinta kamar na ɗanyen ganye. Mai ciwo ruwan ƙasa ce, tana yauƙi, in ka ja sai fatar ta zame ta bar zare. In an gani da wuri a yanke ruɓaɓɓen, a wanke bokiti da bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 9, a ɗauraye sosai, a zuba sabon haɗi, a ɗauke shi daga kan siminti mai zafi. In ya ci fiye da rabi a zubar.

Zafi kuma shi ke sa latas ta yi tsiri ta yi ɗaci. Gefen ganyen ciki in ya ƙone, kalsiyam ne bai isa wurin ba, galibi saboda iska ba ta kaɗawa ko EC ya yi sama, ba don babu shi a ruwan ba. Baƙin da ke fitowa a gindin 'ya'yan tumatir ma danginsa ne.

Maman Biyu:
Na fahimta sosai. Wato in na'ana'a da ɗoɗɗoya sun yi saiwa a kofi sai in mayar da su bokiti da rabin haɗi. Rozmari da sitiroberi fa? Kuma tumatir da aka ce yana yin saiwa, ba sai na sayi iri ba ke nan?

Hajiya Mai Furanni:
Haka ne, ki jira saiwar ta kai santimita 3 zuwa 5. Kafin nan ki riƙa sauya ruwan kofin duk kwana 2, kada ganye ko ɗaya ya taɓa ruwan. Na'ana'a ki ba ta bokitinta ita kaɗai, saiwarta cinye wuri take. Rozmari ba ya son zama cikin ruwa, ki kama shi a yashi, mako 3 zuwa 4, ya tafi tukunya mai tsiyayewa. Wanda ya yi saiwa a yashi kuma kike so ya shiga bokiti, ki tsoma shi a kwanon ruwa ki girgiza a hankali yashin ya zube, kada ki fizga.

Sitiroberi ba a yankar reshensa. Yaɗo yake fitarwa mai ɗa a kai, kamar yadda masu nomansa a Chaha wajen Vom ke ƙara gonakinsu. Ki ɗora ɗan a kan kofi mai danshi, ki danne shi da lanƙwasasshiyar waya, bayan mako 2 zuwa 3 ki yanke shi daga uwar. Wuyansa, inda ganye ke fitowa, kada ya nutse ko a ƙasa ko a ruwa. Ya fi jin daɗin ɓawon kwakwa da ɓuntu ana ɗiga masa haɗi mai EC 1.0 zuwa 1.5 a kan zaman bokiti.

Malam Mai Lambu:
Tumatir kuwa, tohon da ke fitowa a hammatar ganye za ki cire, mai tsawon santimita 10 zuwa 15, kuma zai haifi irin uwarsa sak ko da iri ne na haɗi mai tsada. Amma duk ciwon uwar da shi yake tahowa. Ganyen da ya murɗe ko ya yi dabbare-dabbare cuta ce da ke cikin jikinsa, ba ta wankuwa, haka ma a rogo. Ki ɗaga ganyen a haske ki duba ko akwai farin zane a cikinsa, alamar tsutsar Tuta ce, wadda ta cinye tumatir a Arewa a 2016. Ki duba bayan ganye saboda farin ƙuda. Duk reshen da ya shigo daga wani gida ki ware shi mako 2 nesa da naki, kuma ki goge rezar da sifirit tsakanin uwa da uwa. Bayan zagaye 2 ko 3 na reshe daga reshe, ki koma ki tayar da sabo daga iri.